Yadda Ake Kare Fata Daga Ƙunar Rana a Ranar Nutso Cikin Teku

Mai koyon nutso da tulun iska, wato sukuba, hankalinsa yakan tafi kan numfashi, da toshewar kunne, da irin kifayen da zai gani. Rana ba ta shiga lissafinsa, balle mu da muka tashi cikinta muna ganin mun gama sanin halinta. To ga lissafin da ya kamata ka yi. A Bahar Maliya, jirgin yini daga Hurgada ko Sharm El-Sheikh a Masar yakan tashi wajen ƙarfe 8 na safe ya dawo wajen 4 ko 5 na yamma. A ciki za ka yi nutso biyu, kowanne minti 45 zuwa awa ɗaya. Ke nan zamanka a ƙarƙashin ruwa bai wuce awa biyu ba. Sauran awa shida ko fiye kana bisa jirgi ne, ko kana yawo a saman ruwa kana jiran a ɗauke ka. A nan ake ƙonewa. Shi ya sa duk tsarin da zan ba ka ya ginu a kan abu ɗaya: sutura ita ce kariya ta farko, man kare rana kuwa na wuraren da sutura ba ta kai ba ne.

Abin da ke ƙona fata ba zafin da kake ji ba ne, wani haske ne da ido ba ya gani, ana ce masa UV. Nau'in UVB shi ke ƙona saman fata, UVA kuma yana shiga can ciki ya duhunta ta ya tsufar da ita. Iskar teku tana sanyaya jiki har ka manta da rana, amma ba ta rage hasken nan ko kaɗan. Siririn gajimare yana barin kusan kashi 80 cikin ɗari ya wuce. Ruwa, da kumfar teku, da farin fentin jirgi kuma suna maido maka da shi ta ƙasa, inda hula ba ta tarewa. Duhun fata yana taimakawa, an kiyasta kariyarsa a wajen SPF 13 ga mai duhu sosai (SPF ita ce lambar da ke nuna ƙarfin kariya daga ƙunar rana), amma wannan bai isa yinin teku ba.

Kayan da za ka tanada

Rigar laikira mai dogon hannu, irin ta masu iyo, wadda aka rubuta UPF 50 a jikinta. Wannan lamba na nufin kashi 2 cikin ɗari kacal na hasken ke ratsa ta. Nemi mai dogon wuya. In da hali haɗa da dogon wandonta.

Rigar nutso ta roba mai rufe hannu da ƙafa. Yawanci a wurin nutson ake haya. Hasken rana ba ya ratsa robar ko kaɗan. Za su so su ba ka mai gajeren hannu da gajeren wando a lokacin zafi. Ka ce doguwar kake so, mai kaurin milimita 3.

Man kare rana na SPF 30 ko 50. Karanta jikin kwalbar ka ga abu biyu: an rubuta broad spectrum, wato yana tare UVA da UVB duka, an kuma rubuta water resistant tare da minti 80. Ga nutso na fi son wanda aka yi da zinc oxide ko titanium dioxide, domin bai cika shiga ido ya yi yaji ba. Aibinsa a baƙar fata shi ne yana barin fari-fari kamar ka fito daga injin niƙa, sai ka nemi mai ɗan launin ƙasa in abin zai dame ka.

Wani mai ɗin na sanda, mai tauri, domin goshi, hanci da kunne. Man leɓe mai SPF 30.

Hula mai faɗin baki da igiyar haɓa, domin iskar jirgi ba ta barin hula a kai. Hana-sallah ba ta rufe kunne da ƙeya, kada ka dogara da ita. Sai ɗankwalin wuya mai talewa, irin wanda ake ja ya rufe hanci.

Baƙin tabarau mai alamar UV400, da igiyarsa. Gorar ruwa babba. Ƙaramin tawul na goge hannu da fuska, daban da na jiki.

1. Tun kana gida, duba abin da kake sha da abin da kake shafawa

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma shi ke jawo ƙuna mafi muni. Akwai magungunan da ke sa fata ta kasa jure rana. Kan gaba akwai doxycycline, wanda ake bayarwa na ƙurajen fuska, na wasu cututtuka, da rigakafin zazzaɓin cizon sauro ga matafiya. Akwai ciprofloxacin, da hydrochlorothiazide na hawan jini, da isotretinoin. Kada ka daina magani da kanka. Gaya wa likitanka cewa za ka yi kwanaki a teku, ya faɗa maka yadda za a yi.

Sai maganar man bilicin, kuma zan faɗe ta ba kwana-kwana. Duk mai shafa man da ke ɗauke da hydroquinone ko sinadarin steroid ya rage wa fatarsa launin da ke kare ta, ya kuma sirantar da ita. Irin wannan fata tana ƙonewa cikin ɗan lokaci, kuma tabon da ke biyo baya, baƙi-baƙi a kumatu da goshi, yana da wuyar fita. 'Yar'uwa, idan kin yi dilka ko halawa ko wani gurzar jiki na amarci, ba wa fatarki aƙalla mako guda kafin ki shiga jirgi, kuma ki rufe jiki gaba ɗaya. Zabiya kuwa ba ya buƙatar a tuna masa: SPF 50, cikakkiyar sutura, da inuwa duk lokacin da ba ya cikin ruwa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shafa ɗan man a cikin damtsenka kwana biyu kafin tashi ka ga ko zai yi maka ƙaiƙayi. Duba ranar lalacewarsa. Idan ya tsinke ya rabu ruwa daban mai daban, ko ya canza wari, jefar da shi. In a jakar hannu za ka shiga jirgin sama da shi, kada kwalbar ta wuce mililita 100.

Karanta jerin sinadaran ma. Oxybenzone da octinoxate ana zarginsu da cutar da murjani, har ƙasar tsibiran Palau ta hana su daga 2020, Hawaii ta hana sayar da su daga 2021, Tailan kuma ta hana su a gandayenta na teku a 2021 tare da tarar da ta kai baht 100,000, kuɗin ƙasar. Rubutun reef safe, wato wai ba ya cutar da murjani, a gaban kwalba ba hujja ba ne, domin babu dokar da ta ƙayyade ma'anarsa. Bayan kwalbar shi ke faɗin gaskiya.

2. Da safe, shafa kafin ka bar ɗaki

Yi wanka, yi alwalarka, bushe jiki sarai, sannan ka shafa, minti 20 zuwa 30 kafin ka fita. Mai yana bukatar lokaci ya kama busasshiyar fata. Wanda ya bari sai ya hau jirgi yana gumi sannan ya shafa, rabin man a rigarsa zai ƙare.

Yawan man shi ne inda kusan kowa ke yin rowa. Lambar SPF da ke jikin kwalba an gwada ta ne da miligiram 2 a kan kowane murabba'in santimita na fata, mutane kuwa rabin haka ko ƙasa suke shafawa. Auna da cokalin shayi: ɗaya na fuska da wuya da kunnuwa, ɗaya kowane hannu, ɗaya kowace ƙafa, ɗaya ƙirji da ciki, ɗaya baya. Cokali 7 ke nan, wajen mililita 35 a shafa ɗaya. Kwalbar mililita 100 ba za ta yi maka shafa uku ba. Ka ga amfanin rigar laikira ke nan: da ita da wandonta, abin da ya rage maka bai wuce cokali biyu ba.

Kada SPF 50 ta ruɗe ka ka rage. SPF 30 tana tare wajen kashi 97 cikin ɗari na UVB, 50 kuma wajen 98. Mai 30 da aka lafta da kyau ya fi mai 50 da aka ɗan goga.

Wuraren da ake mantawa: saman kunne da bayansa, ƙeya, ƙarƙashin haɓa, bayan hannu, saman ƙafa, bayan gwiwa, tsagar kitso, da sanƙo ko sabon aski. Bayan hannu ka kula da shi musamman, domin wuraren nutso da yawa a Masar ba sa barin a sa safar hannu, don kada mutane su riƙa dafa murjani.

3. A jirgi, fara da neman wurin zama

Da ka hau, wuce ka ajiye jakarka a inuwa, a benen ƙasa. Baƙi daga Turai za su haye sama su kwanta a rana, wannan harkarsu ce. Inuwar rumfa ma ba ta tare komai, tana iya rage hasken da rabi ko fiye, sauran na zuwa daga gefe, don haka hula da tabarau suna nan a jikinka ko a inuwar.

Mai jin jiri da tashin zuciya a jirgi yakan fita fili ya ƙura wa bakin sama ido, ya yi awa a rana bai sani ba. Nemi tsakiyar jirgi, inda girgiza ta fi sauƙi, ka zauna a gefen da inuwa take, kana ganin bakin saman daga nan.

Man ma yana son inuwa. Kada ka bar kwalbar a kan bene, zafi na lalata shi. Mai na feshi kuwa bar shi a gida: iska ta kwashe rabi, sauran ya sauka a ƙasa ya sa santsi inda mutane ke tafiya da tulu mai nauyi a baya.

Kada ka sa rigar roba da wuri don gudun rana. Mutum na iya galabaita da zafi a cikinta kafin ya taɓa ruwa. Sa ta zuwa ƙugu, laikira a sama, sai jagora ya gama bayani an ce a shirya, sannan ka zura hannuwa ka ja zip. Goge hannunka da tawul kafin ka taɓa bakin tulu da bututun shaƙa, musamman idan iskar nitrox aka cika maka mai yawan oksijin, domin maiƙo da oksijin ba sa shiri.

4. Fuska da gilashin nutso

A nan ake bukatar dabara, domin mai da gilashin nutso abokan gaba ne. Idan maiƙo ya shiga tsakanin robar gilashin da fata, gilashin zai riƙa zamewa ruwa na shiga. Idan ya taɓa cikin gilashin, hazo ba zai bar ka ka ga komai ba. Idan kuma ya narke ya gangaro ido kana zurfin mita 18, ba ka da hanyar murza ido, kuma sabon mai nutso da idonsa ke yaji shi ne wanda ke firgita ya nufi sama da gudu, abin da ya fi ƙunar rana haɗari nesa ba kusa ba.

Ga yadda nake yi. Man da na shafa da safe ya riga ya kama fata, ba ya damun kowa. Kafin shiga ruwa ba na ƙara mai ruwa-ruwa a goshi ko gefen ido. Da ɗan tawul mai laima nake goge layin da robar za ta zauna: tsakiyar goshi, gefen ido, saman kumatu, da ƙarƙashin hanci. Sai na ɗauki na sanda na bi wuraren da ke wajen gilashin: saman goshi kusa da gashi, kunnuwa, ƙasan kumatu, haɓa, ƙeya. Na wanke hannu da sabulu, sannan na taɓa gilashi na sa masa maganin hazo, ko ɗigon sabulun wankan jarirai, ko yawu. Kada ka wanke hannu mai maiƙo a bokitin da kowa ke ɗauraye gilashinsa, za ka ɓata wa jirgi guda nutso.

Mai gashin baki da ke shafa basilin don gilashi ya kama, ya sani basilin ba ya tare rana ko kaɗan.

Hanya mafi sauƙi ita ce siririyar hular nutso da ke rufe kai, kunne da wuya. Da ita rabin aikin nan ya faɗi.

5. A saman ruwa

Can ƙasa ba ka da damuwa, ruwa ya tace mafi yawan hasken kuma riga na jikinka. Amma kusa da sama ba haka ba ne: a zurfin rabin mita har yanzu akwai wajen kashi 40 cikin ɗari na ƙarfinsa. Tsayuwar minti 3 a mita 5 da ake yi kafin fitowa ba ita ce matsala ba. Matsalar ita ce jira. A nutson da ake bin igiyar ruwa, kamar yadda ake yi a Ras Muhammad kusa da Sharm El-Sheikh, kana iya fitowa nesa da jirgi ka yi minti goma ko ashirin kana lilo kafin ƙaramin kwale-kwale ya zo, fuska a sama, man ya wanke, ruwa na haska ka ta ko'ina. Juya wa rana baya, bar gilashi a fuska, in kana da ɗankwalin wuya ja shi sama. Wasu suna cusa hular yadi mai naɗuwa a aljihun rigar tulu don irin wannan lokaci, kuma dabara ce mai kyau.

Idan an ce a yi iyo a saman ruwa da bututu lokacin hutu, kada ka shiga da gajeren wando. Mai kallon kifi yana kife ne, baya da ƙeya da sharaɓa suna kallon sama, sanyin ruwa kuma ya hana shi jin komai.

6. Tsakanin nutso da nutso

Hutun nan yakan kai awa ɗaya ko fiye, kuma yana faɗowa ne da tsakar rana, cikin awannin 10 na safe zuwa 4 na yamma da hasken ya fi ƙarfi. Bi wannan jeri: ɗauraye fuska da hannu da ruwan daɗi, bushe, in za ka yi sallar azahar yi alwalarka yanzu, sake bushewa, sannan ka shafa sabo. Babu man da ruwa ba ya wankewa. Minti 40 ko 80 da aka rubuta iyakarsa ke nan, kai kuwa ka yi kusan awa a ruwa, ka goga tawul a kai. Ko ba ka shiga ruwa ba, duk awa biyu ana sabuntawa, har da na leɓe.

Shafa shi a farkon hutun, ba a ƙarshe ba, don ya sami lokacin kamawa kafin ka koma ruwa. Haka ya fi wa fatarka, ya fi wa murjani.

Sha ruwa kaɗan-kaɗan ba tsayawa. Iskar tulu busasshiya ce, nutso na sa yawan fitsari, ƙonanniyar fata kuma na jan ruwan jiki. Ƙarancin ruwa a jiki na cikin abubuwan da ake dangantawa da ciwon kumfar iska, wanda ke kama mai nutso idan iskar nitrojin ta yi kumfa a jininsa. Idan an kawo lemon tsami da abincin rana ka matsa da hannu, wanke hannun da sabulu. Ruwansa a fata idan ya haɗu da rana yana ƙonawa ya bar baƙin tabo na watanni.

Idan wani abu ya ɓace ko babu shi

Babu laikira: rigar 'yan ƙwallo mai dogon hannu, ta roba-roba mai duhun launi, tana aiki. Ɗaga ta ka duba ta rana. In kana ganin haske sosai ta cikin saƙar, nemi wata. Farar singileti ko shat ta auduga ita ce mafi rauni, kariyarta wajen UPF 5 zuwa 7 ce a bushe, ta jiƙe kuma ta ragu. Mata masu kayan iyo na rufe jiki duka sun riga sun gama da wannan babi, fuska da bayan hannu da ƙafa suka rage musu. Babu hula: naɗa rawani ko mayafi ya rufe ƙeya da kunne. Man ya ƙare: tambayi ma'aikatan jirgi ko abokan tafiya, in ba a samu ba rufe jiki ka zauna a inuwa. Man kaɗanya, man zaitun da man kwakwa suna laushin fata, amma ba sa maye gurbin man kare rana.

7. Da yamma, duba jikinka da kyau

Ƙuna ba ta nuna kanta nan take. Takan fara bayan awa 2 zuwa 6, ta kai ƙarshen zafinta cikin awa 12 zuwa 24. A baƙar fata ba lallai ka ga ja ba. Za ka ji wurin ya yi ɗumi, ya ɗaure, yana zafi in riga ta goge shi, ya ƙara duhu, bayan 'yan kwanaki ya fara saɓa.

Ga abin da nake so ka riƙe fiye da komai a wannan mataki. Ciwon kumfar iska ma yana fitowa a fata, da ƙaiƙayi, da ciwo in an danna, da dabbare-dabbare, kuma a fata mai duhu yana da wuyar gani. Hanyar rarrabewa ita ce wuri. Ƙunar rana tana inda rana ta taɓa, tana da iyaka a bakin riga. Wancan kuwa yakan fito a ciki, ƙirji, kafaɗa ko cinya, wuraren da rigar roba ta rufe. Idan ka ga haka, balle in akwai ciwon gaɓa, jiri, kasala mai tsanani, ko wani sashe na jiki ya yi sanyi kamar ba naka ba, kada ka ce rana ce. Gaya wa jagoran nutso nan take a ba ka oksijin, a kira likitan nutso ko layin gaggawa na DAN, ƙungiyar kula da lafiyar masu nutso. Akwai ɗakin matsin iska na jinyar wannan ciwo a Sharm El-Sheikh da Hurgada. Kada ka sake nutso, kada kuma ka hau jirgin sama, sai likita ya gan ka.

8. Idan ƙunar ce

Watsa ruwa mai sanyi ko ɗora jiƙaƙƙen tawul na minti goma zuwa sha biyar. Ban da ƙanƙara kai tsaye a fata, ban da ruwan zafi, wanda dama ba a son mai nutso ya yi wanka da shi da fitowarsa. Shafa ruwan alobera ko mai mara turare. Man goge baki, manja, da ɗanyen ƙwai da ake sa wa ƙuna a gida ba su da wuri a nan. Kana iya shan farasitamol, amma sai ka tabbatar ba wancan ciwon ba ne, domin maganin zafi na ɓoye alamunsa. Bororo ya fito, kada ka fasa. Fata ta fara saɓa, kada ka ɓare, nan ne tabo ke zama. Idan bororon ya yi yawa, ko ga zazzaɓi, rawar sanyi, amai ko ruɗewa, asibiti za ka tafi.

Ƙaramar ƙuna ba ta hana nutso washegari, matuƙar ka sa laikira a ƙarƙashin roba don rage guga, ka kuma rufe wurin duk yini. Amma idan akwai bororo, ko ƙunar tana daidai inda gilashi ko igiyar tulu ke zama, haƙura ka zauna a masauki har fatar ta rufe, domin ruwan teku na ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke shiga buɗaɗɗen ciwo.